Ido Ba Mudu Ba: Gwanintar Karanta Allurar Maƙoƙo a Yamai

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da buhu a kasuwar Katako ko ta Wadata ya san ɗan ƙarfen nan mai rami da 'yan hatsi ke soka wa buhu. A soka, a zaro, 'yan ƙwayoyin gero su zubo a tafin hannu. Da wannan ɗan abin da bai cika cokali ba ake gane ko geron bana ne ko na bara, ko an haɗa shi da yashi, ko ƙwari sun fara ci. Gogaggen ɗan kasuwa kuma yana da wani sani da sabon shiga bai kai gare shi ba: ya san lokacin da abin da ya zubo bai isa a ƙulla ciniki a kansa ba. Sai ka ji ya ce a sake sokawa ta gindin buhun, ko ya ce shi kam sai an kwance baki an zazzage.

Wannan ɗan ƙarfen nake tunawa idan aka zo maganar allurar da likitoci ke soka wa ƙullutun wuya. A ce mace ce 'yar shekara arba'in da ɗoriya, daga Bukoki ko Talaje, ta lura da wani ƙullutu a gaban wuyanta, yana hawa yana sauka idan ta haɗiyi yawu. An tura ta ɗaukar hoton ekografi, an ɗebi jini, daga baya aka kwantar da ita aka soka wata siririyar allura da ba ta kai kaurin ta ɗibar jini ba. Abin da aka tsotso bai wuce ɗigo biyu ba, aka shafa a kan gilashi. Ta yi kwanaki tana jira, barci rabi da rabi. Ranar da takarda ta fito, ɗanta mai jin Faransanci ya karanta daga sama har ƙasa, bai ga an ce kansa ce ba, bai kuma ga an ce lafiya lau ba. Abin da ya gani kawai shi ne Bethesda III.

"Lokotoro, don Allah faɗa mini gaskiya, ciwon dajin ne ko ba shi ba ne?"

A gida kuwa tuni an yanke hukunci: kuɗi sun tafi a banza, masu awon ba su san aikinsu ba, gara a gwada wani wuri. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Takardar da ta ce ba a tabbata ba, ta faɗi dalilin shakkar, ta kuma auna girmanta, tana cikin ayyukan da suka fi nuna gwaninta a duk faɗin asibiti. Da wanda ya rubuta ta da wanda ya iya fassara ta ga mai ciwo, duka sun cancanci a san abin da suke yi.

Abin da ake nema a wuyan

Tiroyid wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro, ɓari biyu da 'yar gada a tsakani, nauyinta kusan giram 20 a jikin baligi. Aikinta haɗa sinadarin da ke saita saurin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, kaifin ƙwaƙwalwa. Ba ta iya wannan aiki sai da iyod, wanda a Najeriya ake ce wa aidin. Ƙasarmu nesa take da teku, ƙasar nomanmu ba ta da wadatar iyod, gishirin gargajiya irin na Bilma da na Foga kuma ba a ƙara masa shi. Bincike a Darfur ta Sudan ya nuna cewa gero ma, idan shi ne kusan dukan abincin mutum alhali iyod ya yi ƙaranci, yana ƙara wa matsalar ƙarfi. Tsokar da aka hana kayan aiki sai ta kumbura, ta yi ƙulle-ƙulle. Shi ne maƙoƙon da kakanninmu suka sani, wanda ya fi kama mata. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Nijar ta wajabta sa iyod a gishirin ci, amma wuyan da ya riga ya yi ƙullutu shekaru da suka wuce yana nan da abinsa.

Akasarin ƙullutun nan ba su da illa. A cikin ɗari, tsakanin 5 zuwa 15 ne kan zama kansa. Wuyar aikin ke nan: a tsamo 'yan kaɗan ɗin nan ba tare da an kai wuƙa wuyan sauran ba. Don haka aka ƙirƙiro allurar. Martin da Ellis sun bayyana dabarar a wani asibitin kansa na New York a 1930, likitocin Karolinska a ƙasar Suwidin suka goge ta a shekarun 1950 da 1960, daga nan ta bazu duniya.

Mai karanta gilashin likita ne da mai ciwo ba ya cika ganin fuskarsa. A asibitocinmu sunan fanninsa anapat. A Yamai, tsohon gidan wannan sana'a shi ne ɗakin awon nama da ƙwayoyin jiki na tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni, a ƙetaren kogi, inda Farfesa Hassan Nouhou ya daɗe yana jagoranci, inda kuma aka buɗe rajistar masu ciwon daji ta ƙasa a 1992. Masu wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 25, kuma daga nono, mahaifa, hanta har wuya, duk naman da aka yanko a gabansu yake ƙarewa.

A da, kowane mai awo da irin lafazinsa, har likitan fiɗa ya karanta takarda ya rasa inda ta dosa. A watan Oktoban 2007 masana suka taru a garin Bethesda na Amurka suka daidaita harshe ɗaya. Tsarin ya fito a 2009, aka sabunta shi a 2017 da 2023. Rukuni shida ne, kowanne da kimar haɗarinsa. Na II yana nufin ƙullutu mai lafiya, haɗarinsa wajen kashi 4 cikin ɗari. Na V, ana zargin kansa sosai, wajen kashi 74. Na VI kansa ce, kashi 97. Waɗannan uku maganarsu a fili take. Sauran ukun, na I da na III da na IV, su ne ke hana gida barci, kuma kuskuren farko shi ne a ɗauke su abu guda.

Shakka iri uku

Kafin mai awo ya tambayi kansa me ya gani, sai ya fara ƙirga shaidu. Ƙa'ida ta ce sai ya sami aƙalla gungu shida na ƙwayoyin tiroyid, kowane gungu da ƙwaya goma da ake gani sarai. Idan jini ya rufe gilashin, ko allurar ta faɗa cikin ruwan da ya taru a ƙullutun ba ta taɓa tsoka ba, sai ya rubuta rukuni na I. Ma'anarsa shaidu ba su cika ba, shari'a ba ta ma zauna ba. Nan akwai jarrabawa. Da sauƙi mutum ya ga 'yan ƙwayoyi biyar masu kyan gani ya rubuta lafiya lau, kowa ya tafi gida da murna. Gwani ba ya yi, don ya san a cikin irin waɗannan ƙullutu da aka yi wa fiɗa daga baya, an tarar da kansa a wajen kashi 13. Maganin rukuni na I a sake sokawa ne, wannan karon ana kallon bakin allurar a allon ekografi, a nufi wurin tsoka a kauce wa ruwa. Galibi karo na biyu yana kawo amsa.

Rukuni na III ya fi wannan wuyar sha'ani. Shaidu sun cika, amma bakinsu bai zo ɗaya ba. Lafiyayyun ƙwayoyin tiroyid a ƙarƙashin madubi a jere suke kamar saƙar zuma, kowace da ɗan ƙwallo kewayayye mai duhu a tsakiyarta, ga wani ruwa mai yauƙi kamar ƙaro yalwace a bayansu. Kansar da ta fi yawa a tiroyid, wadda ake kira papiler, a ƙwallon nan take tona kanta: ya yi girma, ya yi fari-fari kamar an wanke shi, ya yi tsagi a tsakiya irin na ƙwallon dabino, ƙwayoyin su hau kan juna. Idan alamun sun taru, magana ta ƙare. To, idan gungu ɗaya ne a cikin talatin ya nuna tsagin, sauran kuma ƙalau suke fa?

Nan ido ke aiki. Mai awo zai tambayi kansa ko tsagin na ciwo ne ko na hannu. Akwai rinin da ke buƙatar a tsoma gilashi cikin alkol tun da sauran danshinsa. A zafin Afrilu na Yamai, ko a bushewar hunturu, ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya busar da shi, ƙwallayen su kumbura su yi kama da marasa lafiya. Akwai kuma ciwon Hashimoto, inda garkuwar jiki ke far wa tiroyid, shi ma yana sauya kamannin ƙwayoyi ba tare da kansa ba. Sai ya cire waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage, wanda ya fi ƙarfin a yi shiru a kansa amma bai kai a yi zargi ba, shi ne na III, haɗarinsa wajen kashi 22. Gwani ba ya tsayawa a lambar. Yakan rubuta ko baƙon abin a ƙwallon yake ko a yadda ƙwayoyin suka jeru, domin na ƙwallo ya fi haɗari. Masu tsarin ma sun yi gargaɗi kada rukunin ya zama mafakar mai gudun laifi: ɗakin awon da yake rubuta shi a fiye da kusan kashi 10 na takardunsa, ya binciki kansa.

Rukuni na IV kuwa iyakar allurar ce baki ɗaya. Ƙwayoyin sun yi yawa, sun cunkushe cikin 'yan ƙananan zobba, ruwan yauƙin ya ƙafe. Ƙari ne, babu shakka. Sai dai irin wannan ƙari kashi biyu ne, mai zama cikin tantanin da ya kewaye shi da mai huda tantanin ya shiga jijiyar jini, na biyun shi ne kansar folikiler. Ƙwayoyinsu kuma iri ɗaya ne sak. Saniyar da ta kwana a garke da wadda ta kwana a gonar mutane gashinsu ɗaya, mai son sanin ko an yi ɓarna sai ya zaga shinge ya duba ko an keta. Allura gashi kawai take kawowa. Ko sau goma aka soka, ko wane farfesa ya duba, amsar ba za ta sauya ba. Sai an ciro ɓarin tiroyid ɗin da ƙullutun yake ciki, an yayyanka tantanin kewaye da kewaye an duba. Wajen 70 cikin ɗari sukan fito ba kansa ba. Wannan rukuni ya shafe mu fiye da wasu, domin a ƙasashen da iyod ya yi ƙaranci kansar folikiler tana da kaso mafi girma fiye da yadda take a Turai ko Amurka.

Sauran shaidu

Takardar anapat shaida ɗaya ce, alƙali kuma ba ya yanke hukunci da bakin mutum guda. Rabi na biyu na gwanintar yana hannun likitan da takardar ta koma wa, ko na ciwon sukari da tiroyid, ko na kunne, hanci da maƙogwaro, ko likitan fiɗa a Babban Asibitin Ƙasa, a asibitin Amirou Boubacar Diallo na Lamorde, ko a babban asibitin Referans.

Zai fara da jini. Awon TSH yana nuna ko tsokar tana aiki fiye da kima. Idan ya yi ƙasa, alamar hakan ke nan, sai a nufi cibiyar IRI ta jami'a, inda ake da sashen awo da sinadaran nukiliya, a ɗauki hoton da ke nuna wane wuri ne ke zuƙar sinadarin. Ƙullutun da ya fi sauran tsokar zuƙa ana ce masa mai zafi, kuma da ƙyar irinsa ke zama kansa. Abin lura a nan, a kan gilashi ƙullutu mai zafi yana iya yin kama da rukuni na IV. Likitan da ya duba jini kafin ya aika a soka allura ya tsare mai ciwo daga fargabar da ba ta da tushe.

Sai hoton ekografi, wanda shi ma yake da ma'auninsa, EU-TIRADS, da likitocin Turai suka fitar a 2017, daga 1 zuwa 5. Ƙullutu mai santsin gefe, mai kwanciya kamar ƙwai, ko mai ramuka kamar soso, ba ya tayar da hankali. Wanda ya yi baƙi ƙirin a allon, gefensa ya yi zaƙo-zaƙo, ya miƙe tsaye fiye da faɗinsa, ko yana da 'yan ɗige-ɗige farare, wannan abin zargi ne. Mata biyu na iya riƙe takarda iri ɗaya mai Bethesda III, ɗaya a ce ta dawo a sake allura, ɗaya a fara yi mata maganar fiɗa, kuma duka shawarwarin daidai ne, saboda hotunansu sun bambanta.

Sannan hannu da kunne. Ƙullutun yana motsi ko ya kafe kamar dutse? Akwai kaluluwa a gefen wuya? Murya ta dushe ba tare da mura ba? Yaushe aka fara ganinsa, kuma ya ƙaru cikin watanni ko shekara goma yana nan yadda yake? Akwai mai irin ciwon a dangi? Na'ura ba ta amsa waɗannan, sai an zauna da mutum an saurare shi.

A Amurka akwai ƙarin shaida, awon ƙwayoyin gado irin su Afirma da ThyroSeq, masu neman sauye-sauye kamar na BRAF da RAS a cikin abin da allura ta tsotso. Kuɗinsu dubban daloli ne, in an juya zuwa sefa ya haura miliyan. Likitan Yamai yakan yanke shawara ba tare da su ba, da abin da idonsa da hannunsa da lissafinsa suka ba shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kuɗin wuƙa da kuɗin jira

Wani zai ce, tunda ana shakka, a cire kawai a huta. Theodor Kocher na birnin Bern, wanda ya mai da fiɗar maƙoƙo aikin da ake tsira daga gare shi har ya sami kyautar Nobel a 1909, shi da kansa ya ba da rahoto a 1883 cewa waɗanda ya cire wa tsokar ɗungurungum sun koma masu kasala, kumburarru, masu jin sanyi, tunaninsu ya yi nauyi. Yau akwai ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin, amma shanta kullum ne har ƙarshen rai, da awon jini a kai a kai. A bayan tiroyid kuma jijiyar murya take bi, ga wasu 'yan tsokoki huɗu kamar ƙwayar shinkafa masu kula da kalsiyam na jini. A taɓa jijiyar, ladan ko malamar makaranta su rasa abin sana'arsu. A taɓa 'yan tsokokin, yatsu su riƙa ƙandarewa.

Koriya ta Kudu ta nuna wa duniya inda yawan zargi ke kaiwa. Da aka shiga duba wuyan masu lafiya da ekografi, adadin kansar tiroyid da ake ganowa ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, dubban mutane suka rasa tsokarsu, yawan masu mutuwa da ciwon kuma bai sauya ba. A 2016 ma, wani ayarin masana ƙarƙashin Yuri Nikiforov na Pittsburgh ya cire sunan kansa daga wani nau'in ƙari da aka daɗe ana yi wa mutane babbar fiɗa a kansa, bayan an bi masu shi shekaru an ga ba ya yaɗuwa.

Sai dai jira ma da kuɗinsa, kuma a nan likitanmu yake yin lissafin da littattafan Turai ba su yi masa ba. Littafi ya ce a sake dubawa bayan watanni. Matar Bukoki taksi ɗaya ne tsakaninta da asibiti. Wadda ta zo daga Difa, fiye da kilomita 1,300, ta sayar da tunkiya kafin ta yi kuɗin mota, ta sauka a gidan dangi, damina kuma na tafe, anya za ta dawo? Idan ta dawo bayan shekara huɗu da ƙullutun da ya kafe fa? Idan kuma an cire mata tsokar duka, a ina za ta riƙa samun ƙwayar a ƙauyensu? Saboda irin wannan ne cire ɓari ɗaya yake da daraja: yana ba da tabbatacciyar amsa, ɓarin da ya rage kuma sau da yawa yana isar jiki. Likitan da ya tambayi mace daga ina ta zo kafin ya faɗi shawararsa, yana cikin aikin likitanci ne tsundum.

Akwai wani ɗan aiki da ba a gani wanda gwanaye ke yi. Alƙaluman Bethesda daga asibitocin wasu ƙasashe aka tara su, kuma daga ƙullutun da aka yi wa fiɗa, waɗanda dama su aka fi zargi, don haka sukan ɗan zarce gaskiya. Mai awo na ƙwarai, idan naman da aka ciro ya iso gabansa, yakan koma ya zaro tsohon gilashin allurar ya gwama su, ya ga inda ya dace da inda ya kauce. Da haka ido ke kaifi, da haka kuma ɗakin awo ke sanin nasa alƙaluman.

Saura faɗa wa mai ciwo, wanda shi ma fanni ne. Kashi 22 cikin ɗari ba magana ba ce da za ta zauna a zuciyar uwar da ke tsoron barin 'ya'yanta. Wanda ya iya yakan ce: "Hajiya, in aka tara mata goma masu irin takardarki, wajen takwas ba su da komai. Ban san ko kina cikin takwas ɗin ba tukuna, amma na san hanyar da za mu bi mu sani. Ko da kuma ya zama shi ne, irin wanda aka fi samu a wuya yana jin magani, fiye da tara cikin goma suna nan da ransu bayan shekara goma." Bai yi mata ƙarya ba, bai kuma sallame ta da fargaba ba. Mu da muka tashi a mazhabar Imam Malik mun ji yadda aka ruwaito cewa an yi masa tambayoyi masu yawa a zama ɗaya, ya amsa mafi yawansu da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba a wurin malamai.

Don haka, idan irin wannan takarda ta shigo gidanku, kada a yi fushi da ita, kada kuma a jefa ta ƙasan akwati a koma ga shafe-shafe da tsaga. A koma wurin likitan da ya aika, a tambaye shi rukuni na nawa ne, me hoton ekografi ya nuna, an auna TSH ko ba a auna ba, kuma mene ne mataki na gaba: sake allura, sa ido, ko cire ɓari. A adana kowace takarda da kowane hoto wuri ɗaya, domin girman ƙullutun bara shi ne ma'aunin na bana. Idan murya ta dushe, ko haɗiya ta yi wuya, ko ƙullutun ya ƙaru da sauri, kada a jira ranar da aka sa. Idan kuwa babu ko ɗaya daga ciki, ranar da likita ya ce a dawo, a dawo.